Ranar da Zumunta Ta Tsaya a Kwana Babu Tukunya

Lahadin da ta wuce na shiga ɗakin ajiya na majami'armu neman tsintsiya, sai na ci karo da tukunyar kiɗan zumuntar mata a wata kusurwa, an cusa mata sandunan goge ƙasa a baki, gizo-gizo ya yi saƙa a wuyanta. Na daɗe a tsaye ina kallonta, tsintsiyar ma na manta da ita. Ban ce kiɗan yanzu ba shi da daɗi ba, jikokina suna sonsa, ni ma wani lokaci ƙafata takan motsa ba da izinina ba. Amma kiɗa ne na wayoyi da manyan lasifika, da zarar an ɗauke wuta sai jama'a su yi cirko-cirko suna kallon juna har a tada janareta. Mu a namu lokacin tukunya ɗaya ce ta ƙasa, da caki, da kuge, da muryoyin matan da ba su san gajiya ba. Kuma tukunyar nan ba don waƙa kaɗai muke da ita ba. Akwai ranar da ran wata mace da na abin da ke cikinta suka rataya a kan ƙararta, kuma ni ce na kusa jawo asararsu. Shekaru sun ja, amma har yau ban manta ba.

Na zo Suleja ina sabuwar aure, daga ƙauyenmu na kan duwatsu, da akwatin kwano ɗaya da Hausa rabi-rabi. Maigidana malamin makaranta ne a Abuja, amma albashin malami ba ya kama ɗaki a can, sai muka kama ciki ɗaya a wani gidan haya wajen unguwar Magajiya. Lokacin Abuja kullum gininta ake yi, Suleja kuwa ita ce ɗakin kwanan masu ginin. Tun gari bai waye ba za ki ji kiran sallar asuba, ki ji ƙarar bokitai a bayan gida, ki ji kwandastoci a bakin titi suna rige-rigen kiran fasinja. Kafin rana ta ɗaga maza sun watse, ma'aikatan ofis da masinjoji da birkiloli da kafintoci, gari ya koma na mata da awaki. Daga nan sai jira. Babu waya a hannun kowa. In mijinki ya fita, to ya fita, ba ki da labarinsa sai kin ji takunsa a ƙofar gida da yamma. Hanyar kuwa tana cin mutane, motocin yashi da na itace da bas-bas duk a kanta suke kokawa. Kowace mace a cikinmu tana daka, tana wanki, tana dariya da maƙwabta, amma kunnenta ɗaya yana bakin titi. Ba mu cika faɗa wa juna ba, tsoro dai shi ne abokin zamanmu na kullum.

Abin da ya riƙe mu shi ne zumunta. Duk Alhamis da rana mukan taru a majami'armu mai rufin kwano, wadda ƙararrawarta tsohon ƙarfen tayar mota ce da aka rataya a bishiyar mangwaro. Mun fito daga wurare dabam-dabam, wata daga kudancin Kaduna, wata daga Filato, wata daga Binuwai, kowa da yarenta, Hausa ce ta haɗa mu, kowa kuma da irin karayar harshenta, muna yi wa juna dariya ba mai jin haushi. In wata ta haihu, mu ne masu kai itace da sabulu, mu wanke mata kaya, mu dama kunu. In wata ta kwanta ciwo, a raba kwanakin girki. Mai jan ragamarmu wata dattijuwa ce da muke kira Uwar Zumunta, gajeriya, mai kaurin murya, mijinta ya daɗe da rasuwa, ta raini 'ya'ya biyar da sayar da ƙosai. Ba ta da dogon wa'azi. In ta ga fuskar wata a murtuke sai ta ce, “Ke, Ubangiji bai mutu ba, saki fuskar nan.” In an yi gulma ta ce, “Ku kai maganar gaban mai ita, ko ku haɗiye ta da ruwa.” Muna tsoronta ƙwarai, muna kuma sonta fiye da yadda muke nunawa.

Akwai wani aiki na zumunta da yaran yanzu ba su san shi ba, wato kai labari. Tun da babu waya, duk labarin da ya shafi ɗaya daga cikinmu majami'a yake fara isa, gidan fasto, daga nan a tara mata a kai wa mai shi. Kuma akwai yadda ake kai shi. In na farin ciki ne, an sami wanda ya ɓata, ko mara lafiya ya tashi, ko ɗa ya ci jarrabawa, sai mu ɗaura zanenmu na anko, mu ɗauki tukunya, tun daga kwanar layin a fara bugun bakinta da soso mai kauri. Ƙararta ba ta da tsini, daga ƙasa take fitowa, bum, bum, har a cikin ƙirji ake jinta. Mai gida tana ji ta san alheri ne ya nufo ta, kafin a iso ta shimfiɗa tabarma tana rawa. In kuwa mutuwa ce, tukunya ba ta fita. Za mu je da ankonmu, mu tsaya a kwana shiru har mai gidan ta hango mu, don zuciyarta ta fara shiri, sannan mu taka a hankali, Uwar Zumunta a gaba da Littafi Mai Tsarki a ƙirji. Na sha ganin mace tana tsinke shinkafa a ƙofar gida, ta ɗaga kai ta hango mu a tsaye, farantin ya zame daga cinyarta. Ban taɓa sanin shiru yana da nauyi ba sai a wannan kwanar.

Wani abu kuma da muke yi, Allah ya gafarta mana, shi ne in mai ciki ce aka yi wa rasuwa ba a faɗa mata gaskiya. Sai a zauna da ita a ce, yana asibiti, jikin da sauƙi, a yi ta lallaɓa ta har ta sauka lafiya. Dukanmu mun san da haka, dukanmu mun taɓa zama a irin wannan ɗaki muna gyaɗa kai. Amma Uwar Zumunta ba ta taɓa yarda a buga tukunya a kan irin wannan magana ba. Takan ce, “Bakinmu dai ya ɗauki zunubin, tukunyar Ubangiji ba za ta yi ƙarya ba.” Saboda haka a cikinmu an fi gaskata tukunya da bakin mutum.

Ƙawata ta kusa a zumunta matar wani birkila ce, tana zaune layi uku daga namu. Kowa a cikinmu da sunan ɗanta ake kiranta, Maman wane, Maman wance, ni kuma da ban haihu ba tukuna ana ce mini Matar Malam. Ita kuwa shekara bakwai da aure har lokacin Amarya ake ce mata, domin ciki biyu ta yi duka suka zube. Mace ce mai barkwanci, in tana kwaikwayon yadda nake faɗin wasu kalmomi sai mata su riƙe ciki. A shekarar da nake ba da labari tana da ciki na uku, ya shiga wata takwas, dukanmu muna riƙe da numfashi tare da ita. Uwar Zumunta ta hana ta ɗaukar ko da bokiti. A ɗakin da ke jikin nata akwai wata Hajiya 'yar Zariya, mijinta ma'aikaci ne a Abuja, ita ce ke ɗebo mata ruwa, tana mata faɗa in ta ga ta sunkuya.

A wannan shekarar aka ga hannuna yana da kyau a kiɗa, sai aka ba ni ajiyar tukunya, don ɗakin majami'a ba shi da makulli mai kyau. Wata Bagwariya ce ta Chaza ta gina ta, baƙa, mai dogon wuya, ta girme ni a zumunta nesa ba kusa ba. Ranar da aka miƙa mini ita, Uwar Zumunta ta dube ni ta ce, “'Yata, wannan ba ta ruwa ba ce, ba ta hatsi ba ce. Kin ji ko?” Na ce na ji, Mama. Na kai ta ɗaki ina tafiya ina jin kaina wata babba.

To, wanda bai zauna a Suleja ta lokacin ba bai san abin da ruwa yake sa mutum ba. Famfo yakan yi mako biyu bai ɗiga ba. Ranar da ya zo kuwa gida ya hautsine, kowa na gudu da abin da ya samu, bokiti, jarka, baho, tukunyar miya, har butar shayi. Wata Litinin ruwa ya zo da ƙarfi, na cika duk abin da na mallaka, famfo bai daina zuba ba, sai idona ya sauka a kan tukunyar zumunta. Na ce a raina, kwana biyu ne kawai, kafin Alhamis na juye na shanya ta, wa zai sani. Na cika ta, na rungumo ta zuwa ɗaki. Ina sauke ta gindin ya buga dokin ƙofa, sai na ji ta saki a hannuna. Ruwa ya malale ɗakin, ni kuma ina tsaye riƙe da wuyan tukunya kawai. Na rufe ƙofa, na tattara ɓaraguzan a tsohon zane na tura ƙarƙashin gado. Ko maigidana ban faɗa wa ba. Washegari na lallaɓa Chaza wurin masu ginin tukwane, suka ce irin wannan sai an gina, ta bushe, a gasa, ba aikin kwana uku ba ne. Na dawo ina lissafin abin da zan ce ranar Alhamis.

Ban kai Alhamis ɗin ba. A yammacin Talata labari ya shigo gari cewa wata tifa ɗauke da ma'aikatan gini ta kife wajen Tafa, akwai waɗanda suka mutu. Mijin Amarya da irin wannan tifa ya fita da safe, kuma bai dawo ba. Mazan majami'a suka bazu neman asibitin da aka kai mutane. Amarya ta fito da kujera 'yar tsugunno ta zauna a ƙofar gidansu ta fuskanci kwanar layin. Washegari da safe na je na same ta a wurin, Hajiya na tsaye a kanta da kofin kunu tana roƙonta ta sha. Amarya ba ta ko kalle mu ba. Ta ce mini, “Matar Malam, in kun zo da tukunya zan ci abinci.” Na ce mata Ubangiji yana nan, na sulale na tafi.

Bayan azahar aka buga ƙarfen majami'a. Muka taru da gudu, kowa da ankonta a hannu tana ɗaurawa a hanya. Fasto da kansa ya fito yana share hawaye yana dariya, ya ce an sami mijin Amarya, yana da rai, ƙafa ce ta karye, yana magana, har ya tambayi matarsa. Mata suka fashe da guɗa. Uwar Zumunta ta juyo wurina ta ce, “Matar Malam, maza ki ɗauko tukunya, ki same mu a kwanar layinsu.” Nan ne ya kamata in buɗe baki. Kalma huɗu ce kawai, Mama, na fasa ta. Da na faɗa, da an shiga layin da tafi da guɗa da caki, da babu abin da ya faru. Amma na kalli idon tsohuwar nan, na kalli matan da ke murna, harshena ya yi nauyi. Na ce, “To, Mama.”

Na tafi gida na zauna a bakin gado, ɓaraguzan na ƙarƙashina. Ban san me nake jira ba. Na yi addu'a irin ta wawaye, wai Ubangiji ya sa su gaji su shiga ba tare da ni ba. Na tashi, na zauna, na leƙa ƙarƙashin gado kamar zan tarar ta haɗe. Abin da ban kawo a raina ba shi ne yadda su suke a can. Sun isa kwana, sun tsaya suna jirana. Kuma don kada su ɓata wa Amarya daɗin jin bugun farko, sai suka yi shiru. Mata a anko, a tsaye a kwana, babu tukunya, Uwar Zumunta a gaba. Ba wadda ta lura da kamar me suka yi, domin su a cikinsu murna ce fal. Amarya kuwa daga kan kujerarta ta ɗaga kai ta hango su.

Lokacin da na tattara ƙarfina na fito ba komai a hannuna, tun daga nesa na ji ihun mata. Na tarar an kewaye ƙofar gidan, Amarya na ƙasa, zanenta ya jiƙe, Hajiya ta tallafe kanta tana salati. An ce miƙewa ta yi, ta yi taku biyu, ta yanke jiki ta faɗi. Mata suna ta faɗa mata a kunne cewa yana da rai, ƙafa ce kawai, ita kuwa idonta a buɗe tana kallon sama. Muka ɗauke ta a kan tabarma zuwa gidan haihuwa na wata tsohuwar nas da ke bayan layin. Ina riƙe da kusurwa ɗaya ta tabarmar, ina jin nauyinta, ina kuma jin kamar kowa na ganin abin da na yi a goshina.

Nas ɗin ta shige da ita da Uwar Zumunta, mu muka tsaya a tsakar gida wajen taga. Muna jin komai. Uwar Zumunta na cewa, “'Yata, mijinki yana da rai, na rantse miki da Wanda nake bauta wa.” Sai muka ji muryar Amarya, siririya, babu kuka a cikinta, “Mama, haka muka faɗa wa matar kafinta bara. Ina wurin. Ni na riƙe mata hannu.” Ta ƙara cewa, “Kun tsaya a kwana. Ba ku zo da tukunya ba.” Bayan wani lokaci nas ta fito tana goge hannu, fuskarta ba daɗi. Ta ce naƙuda ta zo gadan-gadan, jini na zuba, amma yarinyar ta ƙi yin nishi, ta saki jiki gaba ɗaya, ta ce a bar ta ta bi shi. Ta ce in aka ƙara ɗaukar lokaci a haka za a rasa ɗan, wataƙila har uwar, kuma ba ta ga yadda za ta kai babban asibiti a wannan hali ba.

Uwar Zumunta ta fito, idonta ya zagaya ya tsaya a kaina. Ta ce, “Ina tukunya?” Ban san lokacin da gwiwoyina suka kai ƙasa ba. Na ce, “Mama, na zuba mata ruwa ranar Litinin, ta fashe. Tsoro ya hana ni faɗa.” Na ji wata ta ja numfashi a bayana, wata ta ce wayyo Yesu. Na rufe ido ina jiran mari, kuma da ta mare ni da na gode. Ba ta ko ɗaga murya ba. Ta ce, “Tashi. Kukanki ba zai haifi ɗan nan ba. Wa ke da tulu kusa?” Mata suka kalli juna, duk robobi da jarkoki muke da su, masu tulun ƙasa gidajensu da nisa. Sai Hajiya, wadda ke tsaye can gefe da mayafinta duk jini, ta ce, “Ina da shi. Zo mu je, Matar Malam.”

Muka ruga. Tulun yana kusurwar ɗakinta a kan yashi, wanda mahaifiyarta ta ba ta da za ta bar Zariya, cike da ruwan sha mai sanyi. Duk mazubin da ke gidan a cike yake tun ruwan Litinin, babu inda za a juye. Hajiya ba ta tsaya tunani ba, ta jawo shi ƙofa ta tuntsurar da ruwan a ƙasa, a garin da ake faɗa a kan kofi ɗaya. Ta ɗora mini shi a kai ta ce, “Ki riƙe da kyau wannan karon.” Ban taɓa tafiya da tsoro irin na wannan ɗan tsakanin ba, kowane dutse a hanya sai na ga kamar ni yake jira.

Babu soso, sai Uwar Zumunta ta cire silifarta ta miƙo mini. Na ce Mama, a ba wata. Ta ce, “Ke kika yi shiru, ke za ki buga.” Na durƙusa ƙarƙashin tagar, na kafa tulun tsakanin gwiwoyina, na buga bakinsa. Bugun farko bai fita ba, tulun a jiƙe yake. Na sake. A na uku sai ya amsa, bum, ba zurfin tamu ba, amma daga ƙasa ya fito. Mai caki ta shigo, mai kuge ta shigo, Uwar Zumunta ta ɗaga waƙar godiya da muke yi in an sami wanda ya ɓata, mata suka karɓa da muryoyin da ke karkarwa. Muna waƙar murna, fuskokinmu sharkaf da hawaye, ba mu san ko gawa muke yi wa ba. Ina bugu ina cewa a zuci, Ubangiji, laifina ne, kada ka ɗora shi a kanta. Daga ciki ba mu ji komai ba, har na fara fid da rai. Can sai muka ji muryar Amarya ta taga, “Mama, da gaske ne?” Uwar Zumunta ta kai bakinta jikin tagar ta ce, “Kin taɓa jin na sa an buga a kan ƙarya?” Sai Amarya ta fashe da kuka mai ƙarfi, muka ji nas na cewa yauwa, haka, ƙara, ƙara.

Ban daina bugu ba har silifar ta tsinke, na ci gaba da tafin hannu. Ana kiran sallar magariba muka ji wani ɗan kuka kamar na 'yar kyanwa. Nas ta leƙo ta ce mace ce, ƙarama ƙwarai amma tana numfashi, uwar ma jinin ya tsaya. Wasu suka zube ƙasa, wasu suka rungume Hajiya suna juyi da ita tana cewa ku sake ni in je in yi salla. Ni kuwa na kifa kaina a kan tulun, na kasa tashi. Aka sa wa yarinyar suna Murna, daga ranar kuma ba a sake ce wa uwarta Amarya ba.

Alhamis ta gaba na kawo ɓaraguzan a cikin zanen na ajiye a gaban mata, na faɗi komai da bakina. Na zaci za a karɓe ajiyar daga hannuna. Uwar Zumunta ta ce, “Tukunya ƙasa ce, Chaza ba ta ƙare da ƙasa ba. Abin da ya kusa kashe mana mutum biyu shirunki ne. Kin ji tsorona fiye da yadda kika amince da mu.” Da aka gaso sabuwa, ni ta sake miƙa wa. Maganar nan ta bi ni duk rayuwata. Na gane cewa yawancin abin da nake ɓoye wa Ubangiji ma haka yake, ina zaune a bakin gado a kan ɓaraguzai, alhali waɗanda za su taimake ni suna tsaye suna jirana. Maman Murna kuwa ba ta taɓa goranta mini ba, sai dai in famfo ya zo ta aiko a ce in ɓoye tukunya daga idona.

Yau Suleja ta cika ta tumbatsa, gidajen hayar nan sun zama shaguna, Uwar Zumunta ta daɗe a wurin Ubangiji, Hajiya sun koma gida da mijinta ya yi ritaya. Kowa da waya a hannu, labari ba ya jiran kowa ya ɗaura zane. Na yarda an huta da wani irin jira. Amma shekara uku da suka wuce, ina tsaye ni kaɗai a ɗakin girki ina yanka kuɓewa, wayata ta yi ƙara, wata murya da ban sani ba ta tambaya ko ni ce matar mai wannan lambar, ta ce ya faɗi a tasha, an kai shi asibiti, bai kai ba. Aka kashe wayar. Babu wanda ya ba zuciyata lokacin shiri, babu hannu kusa da zan kama. Hawaye ma ya ƙi zuwa. Na ajiye wuƙar, na fita ƙofar gida na zauna, na tarar ina kallon kwanar layinmu, inda babu kowa sai 'yan acaba. Matan da na fi tsoron gani a duk ƙuruciyata, su nake nema.

Waya ta yi ta ƙara a ɗaki, ban tashi ba. Rana ta fara sanyi sai na hango wata tsohuwa ta sauka daga keke mai ƙafa uku can nesa, ba ta bari ya kawo ta ƙofa ba. Maman Murna ce, da sandarta, ta ɗaura tsohon ankonmu da ya koɗe har zanen jikinsa ba ya ganuwa. Ta tako zuwa kwana ta tsaya. Ta san na riga na ji, ta san babu sauran labarin da za ta kawo mini. Duk da haka ta tsaya shiru, ita kaɗai, 'yan acaba na mata hon, har ta tabbata na gan ta, sannan ta taho a hankali. Sai a lokacin na iya yin kuka.